Yadda Ake Bambance Jiragen Yaƙin Macchi a Tsohon Hoto

Macchi kamfanin Italiya ne da ya ƙera jiragen yaƙi C.200 da C.202 da C.205 na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Fara da hancin jirgin. In ka gan shi zagaye, da ƙananan ƙulli-ƙulli a jikin murfin injin, wannan C.200 ne mai injin Fiat A.74, kuma galibi mazaunin matuƙinsa a buɗe yake.

In hancin dogo ne siriri, to ko C.202 na 1941 ne ko C.205 na 1943. Nan ne aka fi yin kuskure, domin gangar jikinsu kusan ɗaya ce. Leƙa ƙarƙashin hancin: C.202 na da abin sanyaya man inji guda ɗaya tak, shi kuwa C.205 biyu gare shi, masu siffar ƙaramar ganga, saboda injinsa samfurin DB 605 ya fi ƙarfi. Bakin igwa mai milimita 20 da ya fito daga fiffike shi ma alamar C.205 ce, irin wanda matuƙin jirgin yaƙin Italiya Adriano Visconti ya tuƙa.

Kada ka zargi hoton in fiffiken hagu ya ɗara na dama tsawo. Da gangan Mario Castoldi, injiniyan da ya tsara jiragen, ya ƙara masa kusan santimita 20, don kada juyin farfela ya karkatar da jirgin.