Darasi na 7: Ba Kowane Jini Ne Basir Ba

A kasuwa ko a tasha ba a rasa mai lasifika yana tallar maganin basir. Mutum ya ga jini a bayan gidansa, sai ya sayi kwalba ɗaya ya sha a ɓoye. Wata ya zagayo jinin bai tsaya ba, ya ƙaro wata kwalbar. Sau da yawa basir ɗin ne kuwa, ko atini. Amma akwai ciwon da ke laɓewa a bayansu, shi ne sankarar babban hanji, wadda wasu ke ce wa kansa ko ciwon daji.

Babban hanji shi ne zangon ƙarshe da abinci ke bi kafin ya fita ta dubura. Tsawonsa kamar mita ɗaya da rabi ne. Ciwon yakan fara da ɗan tsiro a bangon hanjin ta ciki, wani bai fi ƙwayar wake ba. Ba ya zafi. Mai shi na noma, yana cin tuwonsa, bai san da shi ba. Ba kowane tsiro ke zama sankara ba, wanda zai zama ma yakan ɗauki shekara 10 ko fiye. Wannan jinkirin shi ne damarmu, domin in likita ya ga tsiron da wuri, cire shi yake yi tun bai zama komai ba.

Wasu na cewa ciwon Turawa ne. Ba haka ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne na 3 a yawa cikin sankarorin duniya. A shekarar 2020 kaɗai ya kama mutum sama da miliyan 1.9, maza da mata, ya kashe fiye da 900,000.

To, yaushe za a je asibiti? In an ga jini a bayan gida, ja ne ko baƙi kamar kwalta. In gudawa ko taurin ciki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa har makonni. In kashi ya koma siriri, ko ka gama kana jin kamar da saura. Haka ramar da ba dalili, da yawan kasala, da ƙarancin jini. Waɗannan ba su tabbatar da sankara ba, gwaji ne ke rabe gardama.

Gwajin farko mai sauƙi ne: a kai ɗan kashi a duba ko akwai jinin da ido ba ya gani. Na biyu shi ake kira kwalonoskofi. Likita na zura siririn bututu mai kyamara ta dubura ya ga hanjin, bayan an ba mutum maganin wanke ciki da na rage jin zafi. Ana yin sa a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Shika a Zariya. Na san nan ne kunya ke kama dattawa. Amma kunyar minti 30 ba ta kai jinyar shekara ba, kuma wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwon ne zai tona shi.

Daga shekara 45 zuwa 50 ya kamata a fara tambayar likita batun gwaji, ko da lafiya lau ake. Wanda mahaifinsa, ko mahaifiyarsa, ko ɗan'uwansa na jini ya taɓa yin ciwon, ya gaya wa likita, don shi nasa gwajin yakan zo da wuri.

Taba, giya, ƙiba da yawan zama suna ƙara haɗarin, haka yawan jan nama da naman gwangwani. Wake, gero, dawa, zogale da rama kuwa abokan hanji ne.

Aikin aji: Ku rubuta alamomi 3 da za su sa ku je asibiti. Sannan ku tattauna: maƙwabcinka ya shekara yana shan maganin basir jini bai tsaya ba, da waɗanne kalmomi za ka yi masa magana?