Darasi na 7: Daɓen Siminti a Ɗakin Kwana

Iyayenmu sun san daɓe tun kafin siminti ya shigo. Mata kan taru, a zuba tsakuwa da jar ƙasa, a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa, sannan a shafe da ruwan makuba har ƙasa ta yi sheƙi. Daɓe ne mai kyau, sai dai yana son gyara lokaci lokaci, kuma masu yinsa sun yi ƙaranci. Yau a Jos, daga Gangare zuwa Anguwar Rogo, magidanci yakan ta da ɗaki, ya rufa kwano, kuɗi su ƙare, ya tare da iyalinsa a kan turɓaya yana cewa sai an samu hali.

Manya na iya jira. Yaro mai rarrafe fa? Ki zauna ki dube shi na minti 5 kawai. Ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki. Ƙosai ya faɗi, ya ɗauka ya cinye. Ƙasar nan kuwa takalmin da ya fito daga bayan gida ya taka ta, kaza ma ta bi ta kai. Ƙwan tsutsar ciki ido ba ya ganinsa, kuma yana daɗewa a ƙasa mai danshi. Akwai ma irin tsutsar da ke huda fatar ƙafa ta shiga jiki, ta maƙale a hanji tana shan jini, sai ka ga yaro ya yi fari, ba kuzari. Tsintsiya ba ta maganin wannan, ƙura kawai take tayarwa. Siminti kuwa, in yaro ya ɓata shi, ruwa da sabulu sun isa.

An gwada abin a ƙasar Meziko. A shekarar 2000 gwamnatin jihar Kowahuila ta fara yi wa talakawa daɓen siminti a ƙarƙashin wani shiri mai suna Piso Firme. Da masu bincike suka bi gidajen daga baya, sun tarar gudawar ƙananan yara ta ragu da kusan rabi inda aka daɓe gida duka. Tsutsar ciki da ƙarancin jini su ma sun ragu ƙwarai.

Ga kuma ɓera, wanda ba ya iya haƙa rami a siminti. Kada a raina wannan, domin ta fitsari da kashin ɓera ake ɗaukar zazzaɓin Lasa. Gara da jiga su ma sun rasa wurin zama.

Yadda ake aikin

A fara da ɗakin da yara ke kwana, falo ya jira. A cika ɗakin da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, a danne ta sosai. Ƙasar da ba ta dannu ba ita ke zama daga baya, daɓe ya tsage. Sannan a shimfiɗa leda mai kauri don ta tare danshi. Mutane da yawa na tsallake ledar saboda kuɗi kaɗan, sai damina ta zo su ga tabarma tana jiƙewa ta ƙasa.

Awon kwaɓi mai ƙarfi shi ne kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Buhun siminti kilo 50 ne, ko na Dangote ne, ko BUA, ko Ashaka. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi, in kaurin daɓen inci 3 ne, zai ci buhu 6 zuwa 7. In birkila ya ce, "Maigida, a ƙara ruwa ya fi saurin bazuwa," kada ka yarda. Ruwa mai yawa yana sauƙaƙa masa aiki, amma yana rage ƙarfin daɓen.

Mu mutanen Jos akwai wani abu da ya shafe mu. Yashin da aka bari a wuraren wankin kuza yana da arha, amma masana sun auna sun ga yana fitar da wani tururin da ido ba ya gani, mai iya cutar da jiki a hankali. Kada a sa shi a ɗakin kwana. A nemi yashin rafi mai tsabta.

Bayan an zuba, a riƙa ba daɓen ruwa safe da yamma har kwana 7. Siminti da ruwa yake yin ƙarfi, ba da rana ba, kuma sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Da hunturu iska kan busar da shi da wuri, don haka a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna.

Aibinsa ɗaya, sanyi. Wanda ya taɓa taka siminti da asuba a watan Disamba a garin nan ya sani. A shimfiɗa tabarma ko darduma, a riƙa fitar da ita rana tana shan iska.

Aikin gida

Auna tsawo da faɗin ɗakin da yaranka ke kwana. Tambayi kuɗin buhun siminti a shagon unguwarku, ka rubuta a littafinka. In kana ajiye kuɗin buhu 1 duk wata, wata nawa za ka yi kafin ka tara buhu 7?