Yadda za ka goge haƙora ba tare da ka cuci dasashinka ba

Jiya a fadarmu nan Yamai wani abokina ya gama asuwaki kafin la'asar, ya tofar da yawu sai ga jini, na ce malam mi ke nan, ya ce ai ba komai tun yana yaro hakanan yake. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don dasashi mai lafiya ba ya jini.

Ka fara sanin wurin tukuna. Kewaye da kowane haƙori akwai ɗan rami siriri tsakaninsa da dasashi, zurfinsa milimita 1 zuwa 3 ga mai lafiya. In aka duba a mikroskop, can ƙasan ramin akwai wata fata mai laushi da ƙwayoyinta suka manne jikin haƙori kamar an liƙa da ƙaro, kuma cikin ƴan kwanaki take sabunta kanta. Ƙasa da ita wasu zaruruwan nama masu ƙarfi da ake kira kolajin ne suka shige cikin simintin da ya lulluɓe saiwar haƙori, wasu suka ɗaure saiwar da ƙashin muƙamuƙi, tazarar ko rabin milimita ba ta kai ba. To a bakin wannan ramin ne farin dattin nan mai yauƙi ke taruwa, nan ne aikin yake.

Sayi buroshi mai laushi, mai taurin nan da muke so yana cinye dasashi. Karkata shi, gashin ya kalli inda dasashi ya haɗu da haƙori, kusan digiri 45, ka riƙa ɗan girgiza shi a hankali kana share wa zuwa bakin haƙori, ba gurzawa kamar mai wankin tukunya ba, waje da ciki duka, minti 2 safe da dare. In asuwaki ne ka tauna shi sosai ya yi laushi, ka riƙa yanke tsohon kan.

Tsakanin haƙora zare ake sawa, akwai shi a farmasi. Dan Allah a bar sakace da ashana ko allura, in an ci kilishi ga mu nan muna soka wannan fatar da hannunmu.

Ka ga jini kar ka daina gogewa, kumburi ne, da tsabta yana sauka. Amma in ya kai sati 2 bai tsaya ba je wajen likitan haƙori, zai auna ramin da wani ɗan ƙarfe mai alamar milimita, ya kankare dattin da ya daskare kamar dutse, wanda buroshi ba ya cirewa. In ramin ya zurfafa ƙashi ya fara zaizayewa, ba ya dawowa da kansa, daga nan haƙori ke soma girgiɗi. Masu ciwon sukari ku fi kowa kula, ku kuma masu shan sigari taba na ɓoye jinin, ciwon na ci a ƙasa ba ku sani ba.