Kurakuran da ake yi wajen neman jami'a da sakamakon makarantar waje

Duk lokacin da JAMB ta buɗe rajista sai ka ga iyaye a Birnin Kebbi da Argungu da Kamba riƙe da takardun yara, wannan na Cambridge, wancan daga Dosso ko Yamai, wani ya dawo daga Makka, ana neman wanda zai juya makin zuwa irin namu. Kuma kurakuran ba sa canzawa.

Mafi muni shi ne mutum ya zauna da biro ya yi lissafinsa da kansa, ko ya miƙa wa yaron shagon intanet. Jami'a ba ta duba jimlar maki, darasi-darasi take bi. Abin da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar jiha ta Aliero da ta Ɗanfodiyo a Sakkwato suke nema iri ɗaya ne: kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. A WAEC da NECO kiredit yana farawa daga A1 ya tsaya a C6. D7 da E8 an tsallake amma ba kiredit ba ne, F9 kuwa faɗuwa ce. To a IGCSE, wato jarrabawar sakandare ta tsarin Ingila irin ta Cambridge, mai lamba 9 zuwa 1 abin a kife yake: 9 ce ƙololuwa, 4 ce daidai da C, ita ce iyakar kiredit. Sai uba ya ga 3 ya ɗauka B3 ce yana ta murna, alhali yaron bai samu ba, ko mai cike fom ya ga 9 ya rubuta F9 wa yaron da ya fi kowa. A IGCSE mai haruffa, daga A* zuwa C ne kiredit. A IB ma, wato difilomar sakandare ta ƙasa da ƙasa, 7 ce sama a kowane darasi, jimlar difilomar 45, ana ci da 24. Ni dai ba na yarda a rubuta komai a fom sai yadda yake a kan takardar, harafi da harafi, a kuma zaɓi sunan jarrabawar da yaro ya yi. Daidaitawa aikin jami'a ne da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja, wadda ke tantance takardun ƙasashen waje ta ba da wasiƙa.

Na biyu ya fi shafar mutanenmu na bakin iyaka, masu bakaloriya, wato jarrabawar kammala sakandare ta Nijar ko Benin. Can maki a kan 20 yake, ana ci da 10. Sai ka ji an ce a ninka da biyar, 12 ta zama 60, shi ke nan C4. Wa ya ce? Malaman tsarin Faransa suna da rowar maki, mai 14 gwani ne, mai 16 abin nunawa ne, ninkawa tana tauye shi. Sannan matsakaicin maki yana ɓoye rauni: yaro zai iya cin bakaloriya da 11 alhali Lissafinsa 7 ne, don darussan da suka fi nauyi a sashensa sun ɗago shi. Saboda haka kwalin shaida kaɗai bai isa ba, sai da takardar da ta jera makin kowane darasi, da fassararta zuwa Turanci mai hatimi daga wurin da jami'ar ta amince da shi. A duba sashen kuma: A na adabi ne, C da D na kimiyya. Mai A ba zai karanta likitanci ba ko da ya ci 17. Turancin da ya yi can kuwa harshen waje ne a gare su, kada a kwanta a kansa. Haba jama'a, yaro ya yi shekara bakwai a sakandare, a kasa biya masa WAEC ko NECO ta masu zaman kansu ta ƙarshen shekara? Wannan nake sa kowa ya yi, da mai bakaloriya, da mai sanawiyyar Saudiyya ko Masar ko Sudan, da mai difilomar sakandaren Amurka. Takarda ce da kowane ofishin ɗaukar ɗalibai zai karanta ba gardama.

Akwai kuma kuskuren da ake yi tun yaro yana makaranta, ba a gane ba sai lokaci ya ƙure. A IGCSE wanda aka yi wa rajistar matakin Core, wato mataki mai sauƙi, ba zai wuce C ba komai ƙoƙarinsa, kuma maki kaɗan ya zame ya koma D. Mai son likitanci ko harhaɗa magunguna yana buƙatar Fiziks da Kemistiri da Bayoloji kowanne da makinsa, don haka haɗaɗɗiyar kimiyya mai maki ɗaya ko biyu ba za ta cike gurbi uku ba. Mai son lauya ya tabbata ya yi Adabin Turanci. A tambayi makarantar tun lokacin zaɓen darussa.

IGCSE ba ta kai yaro aji biyu na jami'a, sai ya zauna UTME, jarrabawar JAMB, kamar kowa. Shiga ta DE, wato shiga aji biyu kai tsaye, sai da cikakken A Level, matakin da ke gaba da IGCSE, ko makamantansa na nan gida irin IJMB da JUPEB, ko makamancinsu, kuma AS rabin A Level ce kawai. Ko da A Level ɗin, kiredit biyar ɗin nan na matakin WAEC ko IGCSE suna nan a kansa.

Zaman Yuni da na Nuwamba na Cambridge zama biyu ne, in aka ƙara da NECO sun zama uku, an wuce iyaka. Wasu kwasa-kwasan ma zama ɗaya suke so, a duba littafin JAMB na shekarar.

Wanda ya yi WASSCE, wato jarrabawar WAEC, a Gana ko Gambiya ba ya buƙatar juya komai, hukumar ɗaya ce.

Suna ma yana kayar da mutane. Takardar Nijar ta ce Aboubacar Ousmane, NIN ta ce Abubakar Usman, a wurin na'ura mutum biyu ne. A gyara, ko a yi takardar rantsuwa a kotu, kafin a karɓi lambar JAMB, don bayanan da ke kan NIN su ne za su hau fom. Wasiƙar ma'aikata kuwa a fara nemanta da zarar sakamako ya fito, a tanadi takardun asali da kwafinsu da fasfon yaro, kada a bari sai jami'a ta sa ranar tantancewa.