Shahadar Sanawiyya a Saudiyya: Daga Aji Ɗaya Zuwa Karɓar Takarda

Gidajenmu da yawa a Makka da Jidda da Madina ba sa tashi tsaye kan karatun yaro sai ya shiga ajin ƙarshe na sanawiyya. A lokacin ne za ka ga an ɗauko malamin darasi, an ƙwace waya, an hana fita bayan Isha. To a tsarin ƙasar nan wannan ihu ne bayan hari. Babu wata jarrabawa guda ta ƙasa baki ɗaya da ake zama a ƙarshe a ce ita ce ke ba da shahada, kamar yadda aka saba da WAEC ko NECO a Najeriya. Makin da za a buga a jikin takardar, wanda ake kira mu'addal tarakumi, tara shi ake yi tun daga zangon farko na aji ɗaya. Shekaru biyun ƙarshe sun fi ta farko nauyi a lissafi, amma duka ukun suna ciki, kuma abin da ya zube a aji ɗaya ba ya kwasuwa duka.

Karatun gwamnati shekara 12 ne: 6 a ibtida'iyya (firamare), 3 a mutawassiɗa (ƙaramar sakandare), 3 a sanawiyya (babbar sakandare). Tun shekarar 1443 ta Hijira, wato 2021, sanawiyya ta koma tsarin da ake kira masarat, wato hanyoyin karatu da ɗalibi ke zaɓen ɗaya (masar) daga ciki. A wannan shekarar ne kuma aka raba shekarar karatu zango uku, sannan daga 1447, wato 2025, aka dawo da zango biyu. Saboda haka in yayan yaro ya gama a tsohon tsari, kada a ɗauki duk abin da ya faɗa a matsayin doka, musamman kan yawan darussa da lokutan jarrabawa.

Zaɓen masar

Shekarar farko kowa da kowa abu ɗaya suke karantawa. A ƙarshenta ɗalibi zai bi ɗaya daga hanyoyi biyar: masar na gama-gari, na kwamfuta da injiniyanci, na lafiya da rayuwa, na gudanar da kasuwanci, ko na shari'a. Na gama-gari shi ne aka fi samu a makarantu. Sauran huɗun ba kowace makaranta ke da su ba, kujerunsu ƙidayayyu ne, kuma da sakamakon aji ɗaya ake tace masu nema. Yaron da ke mafarkin likitanci amma ya yi wasa da lissafi da kimiyya a shekarar farko yana iya tarar da an cike gurbi kafin a zo kansa. Wani lokaci kuma zai samu, amma a makarantar da ke nesa da unguwarsu, sai batun mota ya taso, wanda ga 'ya mace ba ƙaramin abu ba ne.

A nan ne iyaye suka fi yin kuskure. Wasu suna tura yaro masar na shari'a don kawai ana cewa ya fi sauƙi kuma maki ya fi hawa. Ga mai son Jami'ar Musulunci ta Madina ko tsangayar shari'a a Jami'ar Ummul Ƙura ta Makka, wannan hanya ce mai kyau ƙwarai. Amma wanda ya bi ta, ko ya bi ta kasuwanci, ya sani ya rufe wa kansa ƙofar likitanci da injiniyanci. Akwai damar sauya masar da ake kira tajsir, sai dai tana da sharuɗɗa kuma tana jawo ramuwar darussan da ba a yi ba. Yaron da bai tsayar da ransa kan abu guda ba, na gama-gari ya fi masa, domin ya haɗa kimiyya da adabi kuma ya bar yawancin ƙofofi a buɗe.

Abin da ake bukata kafin a ce an gama

Dole a ci kowane darasi da ke cikin jadawalin masar ɗin, kuma mafi ƙarancin maki shi ne 50 cikin 100. Makin darasi ba na jarrabawar ƙarshe kaɗai ba ne. Kaso mai tsoka yana fitowa daga aikin zango: gajerun gwaje-gwaje, aikin gida, ɗan bincike, shiga cikin darasi a aji, da abin da malami ya ɗora a Madrasati, dandalin karatu na intanet. Wannan shi ne maki mafi arha a duk sanawiyya, kuma shi yara suka fi zubarwa, saboda aikin da ba a miƙa ba sifili ne ko da yaron ya fi kowa gane darasin.

Wanda ya faɗi wani darasi yana da zagaye na biyu, daur sani. Yana ceton shekara, amma ba ya mayar da mu'addal inda da zai kasance. Kuma ga 'yan ajin ƙarshe yana da wata illa: takardarsu tana fitowa a makare, bayan takwarorinsu sun riga sun shiga layin neman jami'a. Kada iyali su yanki tikitin tafiya gida hutu sai sun ga sakamako da idonsu a tsarin Nur, shafin intanet na ma'aikatar ilimi mai ɗauke da bayanan ɗalibai. Yaro yana Kano ko Damagaram ana zaman daur sani a Jidda, wannan asara ce da ba ta da dalili.

Sai halayya da zuwa makaranta, suluk da muwazaba. Kowannensu yana da makinsa, kuma fashin da ba uzuri yana rage shi. Ranakun da suka fi cin yara an san su: Alhamis, makon da ke gaban hutu, makon da ke bayansa, da kwanakin azumi idan karatu ya faɗo cikinsu. In rashin lafiya ce ta hana zuwa, a karɓi rahoton asibiti a kai makaranta a cikin kwanakin nan, ba bayan wata guda ba. Uzurin baki daga uba, "wallahi ba shi da lafiya ne, Ustaz", ba ya shiga kwamfuta.

Sharaɗin da aka fi mantawa shi ne aikin sa-kai na awa 40, wanda ake so a kammala cikin shekaru ukun. Ba yawan awannin ne matsala ba, rajistarsu ce. Aikin da ake ƙirgawa shi ne wanda aka rubuta a hukumance, kamar wanda aka buɗe a dandalin aikin sa-kai na ƙasa, ɗalibi ya yi rajista a kansa da lambar iƙamarsa, wato katin izinin zamansa a ƙasar, sannan wanda ya shirya aikin ya tabbatar da awannin. Yaranmu na Makka suna iya kwashe azumi guda suna raba buɗa-baki, ko su yi ta yi wa alhazai tafinta da Hausa a lokacin Hajji. Lada na nan wurin Allah, amma in ba a yi rajista ba, a takarda ba su yi ko awa ɗaya ba. A tambayi malamin da ke kula da ayyukan ɗalibai, ra'idun nashaɗ, tun aji ɗaya. Awa 14 a shekara ta wadatar, ta ma ɗan yi rara. Wanda ya bari sai watan ƙarshe zai tarar kowa na rububin gurabe kaɗan.

Masu masar na musamman, wato huɗun da ba na gama-gari ba, suna kuma da aikin kammalawa, mashru'ut takharruj, a shekara ta uku. Darasi ne mai maki kamar sauran, ana gabatar da shi gaban malamai. Wanda aka sayo a shagon buga takardu yakan tonu ne a tambaya ta biyu.

Shahada ita kaɗai ba ta kai yaro jami'a

Cibiyar Ƙiyas, da ke ƙarƙashin hukumar tantance ilimi da horo, tana shirya jarrabawa biyu da jami'o'i ke haɗawa da makin sanawiyya. Ƙudurat tana auna fahimtar harshe da sarrafa lissafi, ba hadda ba. Ana iya fara ta daga aji biyu, ana maimaitawa har iya adadin da aka ƙayyade, kuma maki mafi girma ake ɗauka. Tahsili kuwa ta 'yan aji uku ce, a kan ilimin halittu, kimiyyar sinadarai, fiziya da lissafi. Kusan rabin tambayoyinta daga karatun aji uku suke, sauran daga aji biyu da aji ɗaya, don haka kada a zubar da tsofaffin littattafai.

Kowace jami'a da yadda take rabon kaso, amma wanda aka fi gani a tsangayoyin kimiyya shi ne 30 ga sanawiyya, 30 ga Ƙudurat, 40 ga Tahsili. Mu ɗauki misalin yara biyu. Na farko yana da 95 a shahada, wato mumtaz, daraja mafi girma, da 70 a Ƙudurat, da 65 a Tahsili. Lissafinsa: 28.5 da 21 da 26, jimla 75.5. Na biyu yana da 88 a shahada, da 85 a kowace daga cikin jarrabawar biyu: 26.4 da 25.5 da 34, jimla 85.9. Wanda aka yi wa walima a gida saboda mumtaz yana bayan ɗan'uwansa da maki fiye da 10.

Ɓangaren harshe na Ƙudurat shi ne ke kayar da yaranmu, har waɗanda aka haifa a nan. Larabcin titi da na filin ƙwallo daban, fusha, wato Larabcin littafi, mai kalmomin adabi da dangantakar ma'anoni daban. Maganinsa karatu ne na yau da gobe da kuma warware tsofaffin samfuran tambayoyi da agogo a gefe, domin lokaci ne ke ƙarewa kafin tambayoyi. A yi zama na farko da wuri a aji biyu don a san inda rauni yake, kada a ƙone duk damar a jere cikin wata biyu ba tare da wani shiri a tsakani ba.

Ga wanda ba ɗan ƙasa ba, shiga jami'ar gwamnati kyauta yana biyowa ne ta guraben tallafi na mazauna, minha dakhiliyya, kuma ba su da yawa, shi ya sa makin da ake nema wurinsu yakan fi na 'yan ƙasa tsauri. 'Ya'yan da mahaifiyarsu 'yar Saudiyya ce ana yi musu mu'amalar 'yan ƙasa a harkar karatu, amma sai an gabatar da takardun da ke tabbatar da haka.

Suna da takardu

Wannan ɓangaren ya fi shafarmu fiye da kowa. Iƙamar da ta mutu tana iya tsayar da rajistar Ƙiyas, da shiga dandalin sa-kai, da neman jami'a. A duba ranar ƙarewarta a farkon kowace shekarar karatu, a sabunta kafin lokacin rajista ya zo.

Sannan suna. Shahada tana ɗauke da suna da Larabci da kuma baƙaƙen boko, kuma daga abin da ke cikin Nur ake bugawa. Sunayenmu suna shan wahala a wannan tafiya: fasfo ya ce Sani, Nur ya ce Thani, fasfo ya ce Usman, makaranta ta rubuta Othman, Hauwa ta koma Hawa, Garba da Abubakar su zama mutum biyu. Wani lokaci sunan kaka ne ya shigo inda fasfo bai da shi. Haka ranar haihuwa: in an juya ta daga Miladiyya zuwa Hijira ko akasin haka, takan goce da kwana ɗaya ko biyu. A farkon aji uku, uba ko waliyyi ya ɗauki fasfo da iƙama ya je wurin wakilin makaranta mai kula da ɗalibai, a gwada harafi da harafi. Gyara kafin bugawa aikin 'yan mintoci ne. Bayan an buga, sai an bi ta ofishin ilimi na yanki, kuma a lokacin hutu ne, ma'aikata sun ragu.

Iyalan da suka sauya unguwa ko gari, kamar waɗanda rusau ɗin tsofaffin unguwannin Jidda ya tayar daga ƙarshen 2021, su tabbata makin kowane zango ya biyo yaro zuwa sabuwar makaranta. Wanda kuma ya fara sakandare a Najeriya ko Nijar ya zo ya ci gaba a nan, sai an yi wa takardunsa mu'adala, wato auna su da matakin karatun nan, a ofishin ilimi, kuma ba a karɓarsu sai da hatimin hukumomin ƙasar da suka fito da fassarar Larabci daga ofishin fassara mai lasisi.

In za a koma gida da ita

Kafin a bar ƙasar, a tabbatar da shahadar a ɓangaren ilimi, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje ta Saudiyya, sannan ofishin jakadancin ƙasarku. Ga 'yan Najeriya akwai ƙaramin ofishi a Jidda da babba a Riyad. A haɗa da takardar makin shekaru ukun, ba shahada kaɗai ba, a kuma yi duk wannan tun iƙama na da rai, domin bayan fita ta ƙarshe sai dai a yi ta roƙon wani ya bi sawu.

A Najeriya, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ce ke auna takardun waje. Jami'o'i suna neman kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, da lissafi ga masu neman fannonin kimiyya, ga kuma jarrabawar JAMB. Turancin sanawiyyar gwamnati a nan bai cika isar mai shiga jami'ar da komai da Turanci ake koyarwa ba, don haka yaron da aka san gida zai koma a fara masa darasin Turanci na daban tun aji ɗaya. Da yawa sukan zauna WAEC ko NECO ta masu zaman kansu bayan sun koma, don su huta da jayayya a wurin tantancewa. Mai niyyar karatun Larabci ko addini ya tuntuɓi sashen da yake so kai tsaye kafin ya sayi fom ɗin JAMB, ya ji da bakinsu ko za su karɓi shahadar yadda take ko sai ya haɗa da wata takarda.