Darasi na Tara: Tsofaffin Ramukan Kuza da Halittun Rafi

Duk wanda ya bi hanyar Jos zuwa Bukuru ko Barikin Ladi ya ga tarin jar ƙasa da tafkuna masu zurfi a gefen hanya. Waɗannan su ne abin da haƙar kuza ta bari. Kamfanonin Turawa sun fara wannan aiki a wajajen 1904, suka ƙwaƙule kwaruruka da manyan injuna, suka karkatar da rafuka domin wankin kuza. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, yawancin aikin ya tsaya, aka bar ɗaruruwan ramuka ba tare da an cike su ba. A wannan darasi za mu koyi yadda ruwan da ke bi ta ƙarƙashin irin waɗannan wurare yake isa rafi, da abin da yake yi wa halittun da ke cikinsa.

Ruwan saman da ake yi daga Afrilu zuwa Oktoba ba duka yake kwarara zuwa kogi ba. Wani kaso yana nutsewa, ya cika ƴan ƙananan kafofin da ke tsakanin yashi da tsakuwa da tsagar duwatsu, sannan ya riƙa gangarawa a hankali har ya ɓulla a idon ruwa ko a gindin rafi. Wannan shi ne ruwan da muke tararwa idan muka gina rijiya. Shi ne kuma dalilin da ya sa wasu rafuka ba sa ƙafewa a watan Fabrairu, alhali an yi watanni ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Tafiyarsa tana da matuƙar jinkiri, domin haka dattin da ya shiga ƙasa tun zamanin kakanninmu yana iya ci gaba da fitowa a rafi har yau.

Ita kuza kanta ba ta narkewa cikin ruwa da sauƙi. Matsalar tana cikin abin da aka tono tare da ita aka zubar, da kuma abin da mutane suka ƙara daga baya. A cikin ragowar yashin wankin kuza akwai wasu ma'adinai masu fitar da tururin nukiliya, shi ya sa bai dace a ɗebi wannan yashi a yi yaɓen ɗakin kwana da shi ba. A wasu wurare, dutsen da aka fasa yana haɗuwa da iska da ruwa ya sa ruwan ya yi tsami, ruwa mai tsami kuwa yana narkar da ƙarafa irin su dalma da tagulla da tutiya, ya tafi da su. Sai kuma baƙin mai na garejin kanikawa, da ruwan tsofaffin batura, da sharar da ake jibgawa cikin ramukan da aka yi watsi da su. Wannan na ƙarshe ya fi tayar mini da hankali, domin mu ne muke yin sa da hannunmu a yau.

Idan irin wannan ruwa ya ɓulla a rafi, ƙananan halittun da ke ƙarƙashin duwatsu su ne suke fara jin jiki. A rafi mai lafiya, idan aka ɗaga dutse za a ga tsutsotsin ƙwari iri-iri suna gudu, da ƴaƴan mazari, da ƙananan katantanwa, wani lokaci da kaguwa. Waɗannan su ne suke cin ruɓaɓɓen ganye da gansakuka, su ne kuma abincin kifi da kwaɗi. Ruwan da ke ɗauke da narkakken ƙarfe, da zarar ya sha iska, sai ya zubar da wata laka mai launin tsatsa wadda take lulluɓe duwatsu kamar an shafe su da fenti. Lakar tana toshe kafofin da ƙwarin suke ɓuya, tana kuma rufe tsakuwar da wasu kifaye suke zuba ƙwai a kai. Tagulla da tutiya suna lalata gaɓoɓin da kifi yake numfashi da su a gefen kansa, ƙananan kifaye da talibambam su ne suke fara mutuwa. Idan abinci ya ƙare, kifin da ya rage sai ya yi ƙaura, tsuntsayen da ke kamun kifi su ma su daina zuwa.

Abin ya fi tsanani da rani, saboda a lokacin kusan duk ruwan rafi daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, babu ruwan sama da zai sirka shi. A daidai wannan lokaci ne kuma masu noman rani suke jan ruwa da injin ban-ruwa zuwa gonakin kabeji da karas da latas, makiyaya kuma suke kawo shanu mashaya. Dalma ba ta ruɓewa. Tana zama cikin laka, ta shiga jikin kifi mai kiwo a ƙasan ruwa irin su tarwaɗa, daga nan ta iso tukunya. Mun ga iyakar illarta a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara. Mu tuna kuma cewa tudun Jos ne mafarin kogin Kaduna da na Gongola, ga kuma Dilimi da ya ratsa gari ya nufi arewa, saboda haka abin da ya shiga ruwanmu ba a nan yake tsayawa ba.

Ba kowane tafkin kuza ne yake da guba ba, kuma ido ba ya iya bambancewa, domin ruwa yana iya zama garau alhali akwai dalma a cikinsa. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire ƙarfe. Alif yana kwantar da laka, sai dai ba abin dogaro ba ne wajen cire guba. Gwaji a ɗakin bincike ne kaɗai zai tabbatar, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dalma ta wuce miligiram 0.01 a cikin lita ɗaya ta ruwan sha.

Aikin da za ku yi kafin darasi na gaba shi ne ku je rafin unguwarku ku uku ko huɗu. Ku zaɓi wuri ɗaya sama da tsohon rami ko juji, da wani a ƙasa da shi. A kowane wuri ku ɗaga duwatsu goma, ku ƙirga ire-iren halittun da kuka gani, ku mayar da duwatsun yadda kuka same su, sannan ku wanke hannu da sabulu. Ku rubuta kwanan wata, da launin ruwan, da warinsa, da ko akwai lakar tsatsa ko maiƙo a samansa. Idan halittun sun ragu ƙwarai a wuri na biyu, ku kai takardar wurin mai unguwa, ku roƙe shi ya sanar da jami'an duba-gari na ƙaramar hukuma ko ofishin NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin kare muhalli, domin a zo a gwada ruwan. Kafin sakamako ya fito, a daina ba yara ruwan rijiyoyin da ke kusa da wurin, a kuma dakatar da kamun kifi a can.