Hoton tuffa a jikin kwalba ba shaidar halal ba ne

Sabon zuwa ƙasashen Turawa da ya ga hoton tuffa a kwalba a kanti sai hankalinsa ya kwanta, ya jefa a kwando, a zatonsa ruwan tuffa ne. Duk shekara sai an maimaita wannan kuskuren, alhali duba ɗaya ya isa.

Abin da ake kira apple brandy barasa ce mai ƙarfi. Ana matse tuffa, a bar ruwan ya tsima ya zama giya, sannan a dafa shi a tara tururin, irin yadda ake yin ogogoro, a adana a gangar katako. Wadda ta fi suna ita ce Calvados ta yankin Normandi a Faransa: ƙarfinta ba ya gaza kashi 40 cikin ɗari, kuma sai ta yi aƙalla shekara biyu a ganga. A Amurka za ka ga applejack, a Jamus Apfelbrand. Pommeau kuwa ruwan tuffa ne da aka gauraya da Calvados, zaƙinsa ke yaudarar mutane.

Kanti ba shi da wuya. A Turai duk abin sha da barasarsa ta wuce kashi 1.2 dole a rubuta adadin, don haka nemi alamar "% vol". Ka kula da kalmar cider: a Ingila da Faransa giya ce, a Amurka kuwa yawanci ruwan tuffa ne zalla, mai bugarwar shi ake ce wa hard cider.

Inda 'yan'uwa ke faɗawa shi ne gidan abinci. Mutum ya tambaya ko akwai alade, aka ce babu, ya yi bisimilla, bai san an zuba Calvados a miyar kazar ba. Poulet vallée d'Auge, wani girkin kaza na Faransa, da ita ake dafa shi, haka wasu kayan zaƙi na tuffa. Za a ce maka wuta ta ƙone barasar. Ba gaskiya ba ne. Binciken hukumar noma ta Amurka ya nuna idan aka cinna wa abinci wuta, abin da suke kira flambé, kusan kashi 75 na barasar na nan. Bayan minti 15 ana dahuwa kashi 40 na nan, sai an yi awa biyu da rabi kafin ta sauka zuwa kashi 5.

A walimar aure ko ta wurin aiki a Faransa, ana kawo ɗan kofi na ƙanƙarar tuffa a tsakiyar cin abinci, trou normand. Kamar askirim yake, amma an kwarara masa Calvados. Café-calva ma kofi ne da barasa. Cakulan kyautar Kirsimeti kuwa, karanta bayan kwalin kafin yara su taɓa.

Kada kunya ta hana ka tambaya, ma'aikatan sun saba. Ka ce sans alcool a Faransa, ohne Alkohol a Jamus, kuma ka nuna miyar kanta kake nufi, in ba haka ba za su ɗauka abin sha kawai kake magana.